Faifan da Ban Duba Ba

A Kafanchan aka haife ni, a wani gida da ke bayan kasuwa, inda ƙarar jirgin ƙasa take riga ladan tashinmu. Mahaifina ɗan kasuwar citta ne. Yakan je Kachia ya sayo busasshiya, ya ɗura a buhuna, ya tura Kano. Ban taɓa jin wani ya kawo ƙararsa ba, kuma bai haife ni ɓarawo ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce gadon gida ne. Sunana kuwa ku bar shi. Waɗanda suka san ni sun san ni, ku kuma matasan da nake rubuta wa wannan, labarin ne zai amfane ku.

Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, citta kuma ba ma shiri da ita, da na shiga rumfar sai atishawa har da hawaye. Sai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Oga Chidi, mai shagon kwamfuta a kusa da tashar jirgi. Iyayen Oga daga gabas aikin jirgin ƙasa ya kawo su, amma shi a nan aka yanke masa cibiya. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa.

A lokacin babu waya mai ɗaukar hoto a hannun kowa, filas na ajiyar bayanai ma sai ɗaiɗaikun mutane. In kana son abu ya daɗe, faifan sidi ake ɗora maka shi. Garinmu kuwa ya san gobara, ya san gudu, ya san gara, don haka mutane suka riƙa kawo mana abin da suke tsoron rasawa. Makarantu su kawo sunayen ɗalibai, limaman coci su kawo rajistar baftisma, tsofaffin ma'aikata su kawo takardun fansho. Mu ɗauki hoton takarda da sikana, ta shiga kwamfuta, sannan mu buɗe manhajar ƙona faifai mu ɗora. Ƙonawa muke cewa a sana'ar, saboda wani ɗan haske ne mai zafi a cikin injin yake zana bayanin a jikin faifan. Irin wanda muke aiki da shi kuma sau ɗaya ake rubutu a kansa. Abin da ya hau ya hau ke nan, ba gogewa, ba gyara.

Oga yana da dokoki uku, kullum sai ya maimaita mini su har na ƙosa. "Ka gwada, ka ƙona, ka duba." A manhajar akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama, sai injin ya yi kamar yana ƙonawa, ya juya, ya yi ƙara, ya turo faifan waje, alhali bai rubuta komai ba. Wannan shi ne gwaji, don a ga ko aikin zai tafi daidai. Sai ka cire alamar ka ƙona na gaske. Sannan ka mayar da faifan ciki, ka buɗe abin da ke kansa ɗaya bayan ɗaya ka gani da idonka. Dubawar ba ta wuce minti biyu.

Akwai kuma dokar Asabar. Duk aikin da shago ya yi a mako, ranar Asabar da yamma sai an ƙona shi a faifai biyu. Ɗaya a kan kantar shago, ɗaya a kai gidan Oga. Na taɓa ce masa wannan ai ɓarnar faifai ce. Ya cire tabarau ya dube ni.

"In wuta ya kama shago ya cinye kwamfuta, wanda ke kan kanta zai gudu da ƙafansa ne? Ɗauki ka kai gida, malam."

Shekara biyar ina ƙarƙashinsa, sai ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Ya bar mini shagon a hannu. Dokar Asabar kam ban fasa ba. Nakan rubuta kwanan wata a bayan faifai da maka, in taka zuwa gidansa a unguwar ma'aikatan jirgi, matarsa ta jefa faifan cikin wani tsohon akwatin ƙarfe na mahaifinsa, ta zubo mini shinkafa, mu yi hirar ƙwallo da Oga har magariba. A hankali sai abin ya koma gaisuwa a wurina. Na daina tuna cewa ajiya nake kaiwa.

Dokar dubawa ce ta fara faɗuwa. Layi ya yi tsawo, janareta yana shan mai, ni kuma na ga hannuna ya faɗa, ban taɓa ƙona faifai ya ƙi ba. Na ce da raina, minti biyun nan na mene ne? Ba wanda ya lura, ba abin da ya faru. Wannan rashin faruwar komai shi ne ya cuce ni.

A wannan tsakanin Mama Laraba ta zo. Dattijuwa ce daga wajen Zangon Kataf, tana sayar da kunu a bakin tasha, kowa ya san ta. Ita ma kamar Oga, mace da namiji duk ɗaya ne a Hausarta. Mijinta, Baba Yohanna, mai gyaran layin dogo ne, ya rasu ya bar mata gida a gefen gari, an kuma binne shi a bayan gidan, ƙarƙashin mangwaro. A zumuntar mata ta cocinsu ne aka ce musu kowa ta je ta adana takardunta a kwamfuta. Ta zaro leda daga cikin Littafi Mai Tsarki. A ciki akwai takardar sayen filin gidan, da sa hannun mijinta da hatimin mai unguwa, sai kuma hoto guda ɗaya: Baba Yohanna cikin kakin aiki da hula, ya tsare gida kamar an ce kada ya yi numfashi. Ta ce shi ke nan hotonsa a duniya.

Ranar Juma'a ce, an kusa tayar da salla, ga mutum huɗu suna jira. Na ɗauki hoton takardar da na Baba, na sa faifai, injin ya juya ya yi ƙararsa, ya turo shi waje. Na rubuta sunanta a baya na miƙa mata.

"Duka ya shiga, yarona? Har da Baba?"

"Har da Baba, Mama."

Ta ɗaga faifan ta juya shi ga hasken ƙofa. "Ni ban ga shi ba."

Masu jira suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na ce ai ba a gani da ido. Ta ce Ubangiji ya albarkace ni, ta sa shi cikin Littafin ta tafi. Ni kuma na ja ƙofa na ruga masallaci.

Shekaru uku suka wuce, a cikinsu na koyi abin da Oga bai koya mini ba. Da farko buɗe takardun mutane nake yi ina karantawa, don jin daɗi kawai. Na san albashin shugaban makaranta, na san wanda ya rubuta wa wace wasiƙa. Sai wani abokina ya ce in rage masa shekara biyu a takardar haihuwa, zai nemi aikin ɗamara. Na ce shekara biyu wa ta kashe? Na yi masa, ya kawo mini tsire. Bayansa wani ya zo da sakamakon jarrabawa, a ɗaga masa lissafi kaɗan. Wannan ba tsire ya bayar ba. Sunana ya fara zagayawa a ƙasa-ƙasa, wasu irin mutane suka fara zama a bencin ƙofar shagona. Cikinsu akwai wani dillalin filaye mai son farar shadda, kowa Ciyaman yake ce masa, har yau ban san ciyaman ɗin mene ne ba.

Wata damina ruwa ya yi yawa, gara ta shiga akwatin Mama Laraba ta cinye ledar da abin da ke ciki. Littafin da faifan suka tsira don suna ƙarƙashin matashinta. Ta zo shago hankalinta kwance, har tana tsokanata wai na yi tumbi. Ta ce gara ya yi aikin banza, tunda ga komai nan a faifai, in fitar mata da takarda da hoton Baba.

Na sa faifan. Kwamfuta ta ce babu komai a kansa, ta ma tambaye ni ko ina son in rubuta wani abu. Na fitar da shi na juya cikinsa. Faifan da aka ƙona yana da zobe, launin wurin da aka rubuta ya bambanta da sauran, ko yaro zai gani in an nuna masa. Wannan kuwa sumul yake tun daga tsakiya har baki. Nan take na gane. Gwaji kawai na yi a ranar Juma'ar nan, ban cire alamar ba, ban kuma duba ba. Ashe gaskiyarta da ta ce ba ta gan shi ba.

To ku saurara da kyau, don a nan ne komai ya karkace. Babu abin da ya ɓata. Takardarta da hoton suna cikin faifan Asabar na wancan makon, a kan kanta, bai fi kamu biyu daga inda take tsaye ba. Abin da ya rage mini shi ne in ce, Mama, na yi kuskure, in miƙa hannu in ɗauko. Amma shagon cike yake, ni kuma an san ni da cewa ba na kuskure. Sai na ji bakina yana tambayarta inda take ajiye shi. Ta ce a kan gado, ƙarƙashin matashi. Na ce akwai fitila a wurin? Ta ce akwai. Na girgiza kai na ce zafi ya cinye shi.

"Yesu!" Ta dafa kanta, ta nemi wuri ta zauna.

Na ce ta kwantar da hankali, ta ba ni mako guda in gwada wata dabara. Niyyata a lokacin, wallahi, in ta dawo in fito mata da su in ce gwanintata ce ta ceto su. Ƙaryar kare mutunci ce kawai, ƙarama. Ta karɓi faifanta ta tafi tana jan ƙafa.

Ciyaman yana kan benci, ya ji komai. Da shago ya yi sauƙi ya shigo ya jingina da kanta. Ya ce an zuba kwalta ta gaban gidan tsohuwar nan, wurin ya zama na shaguna, ya daɗe yana binta ta sayar ta ƙi, wai ba za ta bar kabari ba. Sannan ya yi murmushi.

"Kai yaron Chidi ne, ba kwa yar da komai. Kwafin yana nan, ko?"

Abin da yake so shi ne takardar da za ta nuna Baba Yohanna ya sayar masa da gidan kafin ya rasu. Sa hannun yana cikin kwamfutata, hatimin ma haka, mai unguwar da ya buga shi ya rasu, shaidun ma sun bi shi. Ya ce akwai sabon babur a ciki, da abin da zai ishe ni aure. Na ce masa Allah ya kiyaye. Washegari ma na ce Allah ya kiyaye, amma a hankali na faɗa. Rana ta uku na tambaye shi wane irin babur.

Aikin bai ci mini yini ba. Ranar Alhamis na yanko sa hannun da hatimin, na tsara sabuwar takarda, na gwada sau huɗu kafin ta zauna daidai. Na buga ta, na shafa mata ruwan shayi, na shanya a rana ta yi jajawur kamar ta shekara ashirin a akwati. Na ji daɗin yadda ta fito, ba zan ɓoye muku ba.

Da mako ya cika Mama Laraba ta dawo. Na ce na yi iya yina, abin ya gagara. Sai ta ce, "Takarda ya tafi, to, kowa ya san gidana ne. Amma hoton Baba fa, yarona? Ko rabi bai fito ba?"

Hoton yana gabana a fuskar kwamfuta, na karkatar da ita ne don kada ta hango. In na ba ta hoton, an san ina da takardar. Na ce ko rabi bai fito ba, Mama. Ta yi mini godiyar wahalar da na sha, ta ajiye mini gorar kunu a kan tebur. Bayan ta fita na shanye.

Ciyaman ya ce in share sawu. Na goge komai daga kwamfuta, na sauko da faifan kanta na wancan tsohon makon da na sabon, na kakkarya su na jefa a masai. Na ɗauka na gama. Ban tuna ba cewa a ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Alhamis, hannuna ya yi abin da ya saba yi ba tare da ya shawarci kaina ba. Na kwashi aikin mako gaba ɗaya na ƙona a faifai biyu, na kai ɗaya gidan Oga, na ci shinkafa, mun yi hirar ƙwallo.

Magana ta je kotu. Ciyaman yana da takarda, Mama Laraba ba ta da komai sai rantsuwa da wani faifai da ba ya magana. Alƙali ya yi hukunci da abin da aka ajiye a gabansa. Aka fitar da kayanta, 'yarta Rifkatu, ma'aikaciyar jinya a Sabon Tasha ta Kaduna, ta zo da mota ta kwashe ta. Kafin wata biyu an rushe gidan, an sare mangwaron, an zuba kankare a bayan har kan kabarin. Ta nan hanyata take. Kullum nakan wuce a kan sabon babur, in kau da kai in ƙara mai.

Kusan shekara biyu ba abin da ya biyo baya. Na yi aure, na sake fentin shago. Sai wata rana Rifkatu tana gyaran ɗakin mahaifiyarta faifan ya faɗo daga Littafin. Ta kai wa wani mai shagon kwamfuta a can, ko za a dace. Mutumin bai ma sa shi a inji ba, juya shi kawai ya yi. Ya ce mata wannan ba lalacewa ya yi ba, ba a taɓa rubuta komai a kansa ba tun da aka ƙera shi.

Ta zo Kafanchan ta same ni. Mace ce marar hayaniya. Ta ajiye faifan a gabana ta ce, "Malam, ka ce zafi ne ya cinye wannan?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta dube ni, ta ɗauki abinta ta fita. Na sha jinin jikina, amma na ce me za ta iya? Ban san daga wurina gidan Oga ta nufa ba, don ta ji an ce shi ya koya mini aiki.

Oga ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce wa matarsa ta jawo akwatin ƙarfe. Fayafai ne a jere, mako bayan mako, kowanne da kwanan wata da rubutun hannuna. Kwana uku Rifkatu da lauyanta suna buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Suka sami takardar gaskiya da hoton Baba a tsohon faifai. A wani kuma suka sami sa hannun da na yanko shi kaɗai a farin fili, da hatimin, da takardar ƙarya kala huɗu, tun daga wadda ta karkace har wadda ta zauna. Manhajar kuma takan buga ranar da aka ƙona faifai a cikinsa. Takardar da aka ce an rubuta Baba Yohanna yana da rai, ga ta ana haɗa ta shekaru bayan an binne shi.

Ranar kasuwa 'yan sanda suka zo, a gaban kowa suka sa mini ankwa. A kotu aka shigo da Oga a keken marasa lafiya. Aka nuna masa faifan, ya ce, "Rubutun yarona ne. Ni na koya masa." Da ana fita da ni aka tura kekensa ta kusa da ni, ya ɗaga hannun da ke motsi aka tsaya.

"Ajiya kam ka iya," in ji shi. "Cikin duk abin da na koya maka, shi kaɗai ka riƙe."

Bai ƙara yi mini magana ba har ya bar duniya.

Shekara huɗu aka yanke mini, Ciyaman ya fi ni. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Wuri ne da ake ƙirga mutum safe da yamma kamar buhun citta, kuma dare da rana duk tsawonsu ɗaya. Matata ta jira shekara guda, iyayenta suka zo suka karɓi takardar sakinta, ban ga laifinsu ba. Mahaifina bai taɓa zuwa ba. A shekara ta uku ƙanena ya zo ya gaya mini ta bayan wayar shinge cewa an yi jana'izar mahaifinmu jiya. Ya ce tun ranar da aka kama ni tsohon ya daina zama a rumfa, don ba ya son a yi masa jaje. Wannan ya fi ɗaurin ciwo, kuma har yanzu bai daina ba.

Da na fito duniya ta canza. Ba mai neman faifai, kowa abinsa yana cikin waya. Shagona ya koma wurin sayar da caja. An mayar wa Mama Laraba da filinta, amma fili ne da kankare da guntayen ƙarafa a tsaye, ba ta dawo ba. Na yi wata uku ina ɗaukar buhu a kasuwa kafin na iya shiga motar Kaduna.

Rifkatu ce ta buɗe mini ƙofa. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma kore ni ba. Ina shiga falon na ga Baba Yohanna a bango, an buga hoton babba an sa masa gilashi, da kakinsa da hularsa. A ƙarƙashinsa Mama Laraba take zaune, ta rame, tana kallon wajen ƙofa amma ba ni take kallo ba. Rifkatu ta ce a hankali, idon ya tafi tun shekarar farko da ta zo nan, kafin a buɗe akwatin Oga. Wato lokacin da hoton ya dawo, ba ta da abin ganinsa.

Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Na ce na zo neman gafara.

"Sun ce Baba yana nan a bango," ta ce. "Na taɓa, gilashi ne kawai." Ta juyo da fuska wajen muryata. "Ran da na tambaye ka ko rabi bai fito ba, kana da shi?"

"Ina da shi, Mama. Yana gabana a lokacin."

"Da idona a lokacin."

"Da idonki, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce gafara kam ta yi tun tuni, don Ubangiji ya umarta, ba don ta ji daɗin yi ba. Sai ta lalubo Littafinta a gefen kujera, ta zaro faifan nan, da sunanta a baya da rubutuna.

"Rifkatu ya ce wannan abu sabo ne har yanzu, ba a taɓa sa komai ba. To aikin da na ba ka, ba ka yi ba. Je ka sa Baba a ciki."

Kwana biyu ina yawo a Sabon Tasha ina neman kwamfutar da ke da injin ƙona faifai. Yaran shaguna suna yi mini dariya, wani ya ce baba daga wane ƙarni ka fito. A ƙarshe na samu wata tsohuwar kwamfuta a bayan shagon wani mai gyara. Rifkatu ta ba ni hoton da takardar a filas. Faifan ya tsufa, zai iya ƙi. Na gwada. Na cire alamar. Na ƙona. Na mayar da shi ciki na buɗe takardar, na buɗe hoton, na rufe na sake buɗewa. Na duba agogon bango, dubawar ba ta kai minti biyu ba.

Na kai mata. Ta karɓa ta shafa shi da babban yatsa.

"Duka ya shiga? Har da Baba?"

"Har da Baba, Mama."

"Ka duba?"

"Na duba, sau biyu."

Ta ɗaga shi ta juya wajen taga, inda take jin ɗumin rana. Zoben ya fito sarai a jikinsa. Ni ina ganinsa, Rifkatu tana ganinsa. Ita kuwa ta riƙe shi a haka na ɗan lokaci, sannan ta mayar cikin Littafin ta ce in gaida mutanen Kafanchan.

Yanzu ina gyaran waya a wata 'yar rumfa kusa da inda mahaifina yake zama a da. Kullum mutane suna miƙo mini wayoyinsu da duk sirrinsu a ciki, su tafi su bar ni da su. Ba na buɗe abin da ba a ce in buɗe ba, kuma ba na miƙa aiki sai na duba shi a gaban mai shi, ko da layi ya kai titi. Na tuba ga Allah, ina kuma roƙon Ya karɓa.

Ku da kuke koyon sana'ar da ake ba ku amanar abin mutane, ga abin da zan ce muku. Ba ranar da Ciyaman ya jingina da kantata na zama ɓarawo ba. Kafin ya buɗe baki na riga na gama shirya masa kaina. Ku yi aikin har ƙarshensa, har wannan guntun da ba mai ganin kun tsallake. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa a take, a gaban ko mutum nawa ne, kunyar ba ta wuce yini guda. Ni na guje wa kunyar yini guda, na rasa ubana da maigidana da shekara huɗu. Waɗannan nawa ne, ni na jawo, na kuma ɗauka. Amma akwai tsohuwa a Sabon Tasha da take zaune kullum a ƙarƙashin hoton mijinta, kuma ba kotu, ba tuba, ba gwanintar da za ta sa ta gan shi.